Tsohuwa Mai Tulu a Kundin Yallaɓai

A nan Haarlem, ɗaya ga watan Mayu ranar tashi ce. Duk wanda hayarsa ta ƙare, a ranar zai jibga gado da tukwane a kan amalanke, gari ya fito ya ƙare wa tsiyarsa kallo. Bana Iya Digna na cikin masu tashi, sai dai ita ba ta san inda amalankenta zai dosa ba. Gidan da ta yi shekara goma sha tara a ɗakinsa na ƙasa an sayar wa wani mai dafa sabulu, shi kuwa ya ce tukwane zai zuba a ɗakin, ba tsohuwa ba.

Shekararta sittin da uku. Arba'in daga ciki a filayen wankin lilin na bayan gari ta yi su, hannu cikin ruwan toka da madara mai tsami, har yatsun suka ƙage suka daina miƙewa. Miji ya tafi teku bai dawo ba, 'ya'ya biyu duk sun riga ta. Wuri biyu ya rage mata a duniya. Ko gidan gajiyayyu, inda ake kwana bibbiyu a gado ɗaya kana jin tarin wata a ƙeyarka, ko kuwa Gidan Tsofaffi na Hoogland: ɗaki goma sha biyu kewaye da ɗan lambu da famfo, kowace tsohuwa da ƙofarta da mabuɗinta, ana ba ta makamashi da burodi da cuku har ranar da za a fitar da ita a akwati. Ɗaki ɗaya ya zama fanko, don mai shi ta cika a watan Maris. Digna na son ɗakin nan so irin wanda ba ta taɓa yi wa mijinta ba, Allah ya ji ƙansa.

Sharaɗin shiga ba shi da yawa. Mace ta haura sittin, ta kasance mai zuwa coci, mai tsabta, wadda ba a taɓa ganinta cikin maye ba. Digna ta cika duka har da ƙari. Giyar da take sha ita ce tsinkakkiyar nan da ake ba yara da safe, barasa mai ƙarfi kuwa ko warinta ta ji sai ta yi atishawa.

Abu ɗaya ta manta ta sa a lissafi, shi ne Lubbert Sas.

Lubbert mai zanen hoto ne, amma ba irin manyan nan da ke zana attajirai da fenti ba. Shi da jan alli da alƙalami yake aiki, a kan takardar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma talakawa yake zanawa: manoma na dambe a mashaya, mai cire haƙori ya danne wani a kasuwa, uwa na cire wa ɗanta kwarkwata. Masu kuɗin garinmu ba sa iya tsayawa kusa da talaka saboda wari, amma a takarda sai su wuni suna kallonsa. Su saya, su liƙa a kundi, bayan an ci an ƙoshi a riƙa miƙa wa juna ana ƙyaƙyatawa. A ƙasan kowane hoto Lubbert yakan rubuta kalma huɗu, "Da idona na gani," kuma saboda kalmomin nan ake rububinsa.

Shekara shida da suka wuce, lokacin da hannun Digna ya ƙi aiki, ya tare ta a kasuwar kifi ya ce fuskarta ta yi. Ta hau ɗakinsa na can ƙuryar sama. Ya karkata mata hula, ya ɗora mata ɗan tulun giya a cinya, ya soka mata lofe a hannu, ya ce ta saki baki ta lumshe ido ɗaya. Tulun nan babu komai a ciki sai saƙar gizo. Ta samu 'yan sulalla biyu da ake kira stuiver da kifi mai gishiri, ta koma gida tana mamakin cewa akwai sana'ar da zama kawai ake yi. Daga nan duk wata sai ta hau. Inda takardun suke tafiya ba ta taɓa tambaya ba, ta ɗauka can Amsterdam ake kai su inda ba wanda ya san ta.

Saura mako uku Mayu ya kama, ta sa farar hularta da ta sha sitaci, ta karɓi takardar shaida daga fasto, ta tafi gidan Yallaɓai Baltasar Hoogland, jikan wanda ya gina gidan tsofaffin kuma shugaban masu kula da shi. Arzikin gidansu kaf daga dafa giya ya fito, amma wannan ba a faɗa a gabansa.

Ta cire takalmin katako a bakin ƙofa, aka shigar da ita. Yallaɓai ya miƙo hannu ya karɓi takardar ba tare da ya ɗago ba, kamar yadda ya saba. Sai da ya kai rabi ya ɗan saci kallonta. Ya ajiye takardar. Ya tashi tsaye, baki har kunne.

"Kai! Kornelia! Kornelia, zo ki ga abin mamaki! Tsohuwa mai tulu ce da kanta a ɗakina!"

Uwargida ta shigo tana goge hannu, ta dubi Digna, ta dafe ƙirji. "Ita ce kuwa! Har tabon haɓar. Ashe dai akwai ta!"

Digna ba ta gane ba, amma ganin manya na murna ita ma ta yi murmushi. Yallaɓai ya ciro wani ƙaton kundi mai bangon fata ya buɗe a kan tebur. Ga ta nan ta rungume tulu tana barci. Ga ta nan ta zame daga benci, kyanwa na lasar abin da ya zube. Ga ta tana rawa da tsintsiya. Sha ɗaya ya ƙirga mata, yana juya kowane shafi a hankali kamar mai juya jariri.

"Iya, ba ki san irin daɗin da kike ba mu a gidan nan ba. Ko jiya magajin gari na nan, dariya har da hawaye. Dubi wannan leɓen! Dubi yadda ya saki! Don Allah yi mana sau ɗaya, Kornelia ta gani da idonta."

Nan ne Digna ta yi wautar da har ta mutu ba za ta yafe wa kanta ba. Ta ga mutumin da mabuɗi ke hannunsa yana roƙonta abu, abin kuma bai fi ƙarfinta ba. Ta karkata hula, ta saki baki, ta lumshe ido ɗaya. Shekara shida tana yi, ta ƙware. Uwargida ta yi dariya har ta zauna.

Yallaɓai ya share ido, ya gyara murya, ya koma kujerarsa. Fuskar ta canza kamar an rufe taga.

"To, batun ɗaki. Iya, ai kin san dokar gidan. Kakana bai gina shi don masu irin halinki ba."

"Wane hali, ranka ya daɗe?"

Ya nuna kundin da haɓa.

"Yallaɓai, tulun nan fa babu komai a ciki! Zama kawai nake yi masa, shi yake ce mini yi kaza, yi kaza. Ga takardar fasto nan."

"Fasto ranar Lahadi yake ganinki. Lubbert kuwa sauran kwana shida." Ya ɗora yatsa a ƙasan hoton. "Da idona na gani. Shekara ashirin ina tara hotuna, Iya, na san abin da aka ƙirƙira, na san abin da aka gani. Amma ni ba azzalumi ba ne. Ranar Alhamis ta sama za mu zauna a kan maganar. In kina da wata shaida, ki zo da ita."

Ba ta san yadda ta hau matakalar Lubbert ba. Ta same shi yana karin kumallo da albasa, ga tulun nan a kan kanta, ga wata busasshiyar kaza da aka cusa wa ciyawa, wadda ta fito a hotunansa fiye da kowa.

"Iya Digna! Yau ba ranarki ba ce, amma zauna, akwai wani mai sayar da katako da ke son ki kina amai a kwalbati."

"Aman uwarka! Tashi ka sa riga, gidan Hoogland za mu. Ka faɗa masa da bakinka cewa ban taɓa yin maye ba."

Ta kwashe labari ta gaya masa. Lubbert ya ajiye albasar. Ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, kuma a garin nan sun fi mugaye ɓarna.

"Iya, ki ce in yanke hannuna mana, ya fi sauƙi. Kundi nawa ne a garin nan da rubutuna a ciki? In na ce tulun nan fanko ne, gobe za a tambayi kazar. Manoman nan biyu da ke zare wa juna wuƙa, kin san su waye? Tela ne da mai kaɗa ƙararrawar coci, 'yan uwa ne ma, tare suke zuwa tare suke tafiya. In abin ya tonu, wa zai ƙara sayen ko layi ɗaya a hannuna?"

"To me ya sa kake rubuta ƙarya, ɗan nan?"

"Ina ƙaryar? Da idona na gan ki riƙe da tulu. Ban ce na leƙa ciki ba."

Ta yi tsaki mai tsawo. "Ka san da wa nake takarar ɗakin? Tanneke, matar marigayi mai gyaran takalma. Tanneke fa! Wadda tun ƙararrawar asuba take karyawa da barasa, ta tauna kanumfari ta fito tana gaida mutane da sunan Ubangiji. Duk layinmu an sani. Me ya hana ka zana ta?"

"Fuskarta ba ta yi ba, Iya. Kamar burodin da bai gasu ba take. Ba wanda zai yarda mashayiya ce."

Digna ta zauna a kan bencin da ta saba zama. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, na gadon nan mai mutum biyu. Ta yi kuka, kukan da babu kyan gani a cikinsa, kuma ta lura ko a lokacin idon Lubbert na kan leɓenta yana auna shi. Da ya ga ta gani, kunya ta kama shi.

"Baki dai ba zan buɗe ba," in ji shi. "Amma mutumin nan takarda yake ji, ba mutum ba. Bari in zo ɗakinki in zana ki yadda kike. Kyauta."

Washegari ya zo da allonsa. Shekara ashirin yana zana gidajen talakawa, ranar ya fara shiga ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman datti bai samu ba. Daɓe an share an barbaɗa farin yashi, tukwane biyu na ƙyalli a bango, Littafi Mai Tsarki a kan kanta an rufe shi da ƙyalle. Digna ta zauna gindin taga da akushin wake a cinya tana tsincewa, don aikin da yatsun ke iya yi ke nan.

"Ya zan yi da bakin?" ta tambaya.

"Bar shi yadda Allah ya yi shi."

Ya sha wuya. Sau uku hannunsa na zuwa zai karkata hular, yana dawo da shi. Ya yaga takarda biyu. Sai da rana ta bar tagar ya gama, ya juyo mata da shi. Ta daɗe tana kallo. Tsohuwa ce zaune a miƙe, baki a rufe, yatsu a ƙage a kan wake, ta gaji amma ba ta roƙon kowa komai. Uwarta ta gani sak, kuma a karo na farko ta ji ba ta ƙi fuskar nan ba. Lubbert ya rubuta kalmominsa huɗu a ƙasa, ya tafi ko sallama bai yi da kyau ba.

Ranar Alhamis aka zauna a ɗakin da ke saman ƙofar Gidan Tsofaffi. Yallaɓai a tsakiya, wasu dattawa biyu a gefe waɗanda aikinsu gyaɗa kai. Mabuɗin na kan tebur ɗaure da koren zare. An riga an ga Tanneke, tana zaune a benci ta haɗa hannu a ƙirji, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin kanumfari.

Digna ta warware ƙyalle ta ajiye hoton. "Ranka ya daɗe, ka ce in zo da shaida. Ga ni a ɗakina. Hannun Lubbert ne, ga rubutunsa."

Yallaɓai ya sa tabarau. Ya kai takardar taga, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya karkata kai hagu da dama. Dattawan ma suka karkata nasu.

"Hannun Lubbert ne, babu shakka," in ji shi. "Amma wannan shiri ne."

"Shiri?"

"Ku duba, 'yan uwa. Ku dubi daɓen nan. Ina kyanwa? Ina ɓawon ƙwai, ina fasasshen kasko? Wane talaka ne ke zama a miƙe haka kamar matar alƙali? Babu rai a cikinsa ko kaɗan. An zaunar da ita ne an ce rufe baki, riƙe wake. Yaro ma ya gani ya san an tsara." Ya dube ta ta saman tabarau, da tausayi ma. "Iya, da me kika lallashe shi ya sa sunansa a kan wannan?"

"Yallaɓai, ɗakina ga shi can bayan kasuwar shanu, taku ɗari uku ne daga nan. Ka zo ka gani. Ko ka aiko wani."

"In shiga layin nan?" Ya dubi dattawan, suka yi 'yar dariya. "Mene ne amfanin masu zane in sai mun je da kanmu? Sha ɗaya sun ce abu guda, ɗaya ya ce wani abu. Kuma ai ni kaina na ga fuskar nan a ɗakina, matata shaida ce. Wanda bai saba ba ba ya iya ta haka."

Ya ɗauki mabuɗin ya miƙa wa Tanneke. "Baiwar Allah, ɗaki na bakwai. Ke dai ba mu taɓa jin komai a kanki ba."

"Ubangiji ya saka," in ji Tanneke, tana magana baki kusan a rufe don kada wari ya fita.

Digna ta miƙa hannu za ta ɗauki hotonta. Yallaɓai ya dafe shi, don wani tunani ya faɗo masa, fuskarsa ta washe.

"Tsaya. Kun san fa wannan shi ne ya fi duka? Ku yi tunani: a juya sha ɗayan nan, a sha dariya, sannan a buɗe wannan a ƙarshe!" Kafin ta buɗe baki ya tsoma alƙalami ya yi rubutu a saman takardar, ya karanta da ƙarfi yana jin daɗin kansa: "Tsohuwa mai tulu ta yi shigar mutanen kirki. Magajin gari sai ya shiɗe! Iya, ki biya ta ƙofar baya a gidana, za a ba ki cuku."

Ta so ta zage shi, zagin da ta koya a filin wanki wanda ke sa namiji ya nemi wurin zama. Amma sai ta janye hannunta daga hoton. Ta ninke ƙyallenta fanko ta sauko.

Hanyar fita ta tsakar gidan take. Ga lambun an yi masa shuka, ga famfon, ga tsofaffi biyu na shan hantsi. A ƙofar ɗaki na bakwai ta ga Tanneke ta duƙa tana fama. Ta kai mabuɗi ya zame hagu. Ta sake kaiwa ya kankari fenti. Na uku ya faɗi ƙasa, ta tsaya tana layi tana kallonsa kamar ya yi mata nisa. A sama kuwa tagar ɗakin taro a buɗe take, ana jin dariyar Yallaɓai. Da ɗayansu zai leƙo, da magana ta ƙare.

Digna ta ɗaga kai ta dubi tagar. Kira ɗaya ya isa. Amma ta san su yanzu: ko sun leƙo, ba mayen Tanneke za su gani ba, tsohuwa mai farar hula za su gani tana neman abin da ta yar.

"Matsa, 'yar uwa," ta ce.

Ta duƙa ta ɗauki mabuɗin da yatsunta ƙagaggu, ta zura, ta murɗa. Ƙofar ta buɗe ba ko ƙara. Ɗakin ya fi yadda ta zata haske. Akwai gado a jikin bango na mutum ɗaya, da murhu, da taga mai kallon lambu, daidai inda za a ajiye kujera a tsince wake. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ba ta taka ciki ba.

"Allah ya yi miki albarka, Digna," in ji Tanneke, ta dafa kafaɗarta don kada ta faɗi. "Ke fa, ina za ki koma?"

Digna ta sa mata mabuɗin a tafin hannu, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Rataya shi a wuya," ta ce. "Gobe ba na nan."